Tafiya Ƙasar Waje da Kwamfutar Tafi-da-gidanka: Tambayoyi da Amsoshi

Aikina gyaran kwamfuta ne da saita ta, kuma nakan ɗan taɓa tafiye-tafiye. Da zarar lokacin tafiyar ɗalibai ya kewayo, ko watan Umara, ko 'yan kasuwa sun fara haramar baje-kolin Guangzhou na watan Afrilu da Oktoba, tambayoyi iri ɗaya ake ta kawo mini. Wasu kuma sai a daren tafiya suke kira, akwati a ɗaure, mota na jira a ƙofar gida. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na tattara amsoshin a wuri guda domin mutum ya karanta tun da sauran mako biyu ko uku.

A akwati zan sa ta, ko in riƙe a hannu?

A hannu, a jakar da za ka shiga jirgi da ita. Duk wanda ya taɓa leƙawa ta tagar jirgi ya ga yadda ake loda kaya ba zai sake yin wannan tambayar ba: wurga akwatuna ake yi, a ɗora mai kilo 30 a kan mai kilo 10. Gilashin kwamfuta ba ya jure wannan. Sannan akwatin da ya bar hannunka a Kano ko Abuja sai ya bi hannaye da yawa a Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha kafin ya iso, wani lokaci ma ya yi kwana uku bai iso ba.

Ko ta ɓace, diyyar ba za ta share maka hawaye ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda akasarin jiragen ƙasa da ƙasa ke aiki da ita, ta sa wa diyyar kaya iyaka, kuma tun ƙarshen 2024 iyakar tana wajen dala 2,000 ne ga kayan fasinja baki ɗaya, har da suturarsa. Idan lalacewa ce, kwana 7 kacal gare ka ka kai kuka a rubuce.

Akwai wani tarko da ke kama mutane da yawa. Idan jirgi ya cika, sai ma'aikata su tsaya a bakin ƙofa suna karɓar jakunkunan hannu suna liƙa musu takarda, a kai su ƙasa wajen manyan kaya. In ta zo kanka, ka ce su dakata, ka zuge jakar ka zaro kwamfutar da fawa banki da fasfo da magungunanka, sannan ka miƙa. Ba wanda zai hana ka, ƙa'ida ma ta ce a cire batura.

Ina jin ana maganar dokar batir. Mece ce ita?

Batirin kwamfuta da na waya na sinadarin lithium ne. In ya huje, ko ya kumbura, ko ya yi zafi fiye da kima, yakan kama da wuta, wutar da ke ciyar da kanta. In a cikin fasinjoji ta tashi, ma'aikata za su gani su kashe. In a ƙasa wajen kaya ta tashi, ba mai iya zuwa wurin. Tushen dokar ke nan.

Ana auna ƙarfin batir da ma'aunin watt-hour, wanda ake taƙaitawa Wh, kuma a rubuce yake a jikin batirin ko a ƙarƙashin kwamfutar. Wanda bai wuce Wh 100 ba, ka shiga da shi ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya amince. Abin da ya haura 160 ba ya hawa jirgin fasinja sam. Kusan duk kwamfutar da ke kasuwa tana ƙasa da 100, masu ƙera su da gangan suke tsayawa a nan. Batirin da aka cire daga jikin kwamfuta kuwa, a jakar hannu kaɗai ake ɗaukarsa, a rufe bakinsa da salatif don kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi.

In ka lura madannan kwamfutarka sun ɗago, ko bayanta ya yi ciki ba ta zama daidai a kan tebur, batirin ne ya kumbura. Don Allah kada ka hau jirgi da ita a haka. A canza shi kafin tafiya.

Fawa banki fa? Tawa an rubuta 20,000 mAh.

Lissafin mayar da mAh zuwa Wh mai sauƙi ne: ka ninka adadin da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 20,000 ta kama Wh 74, ta wuce lafiya. Mai 27,000 tana daf da 100. Manyan nan na 40,000 da 50,000 da muke saye saboda matsalar wuta a gida, su ne ake ƙwacewa, gara ka bar wa iyali. Haka wadda rubutun jikinta ya goge, domin jami'i ba shi da yadda zai tantance ƙarfinta.

Doka ta ƙara tsanani tun 2025. A watan Janairun wannan shekarar wani jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu kafin ya tashi, kowa ya tsira, kuma masu bincike sun karkata ga cewa fawa banki ce a ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Bayan haka kamfanoni da dama suka hana amfani da ita a cikin jirgi. Emirates, tun 1 ga Oktoban 2025, guda ɗaya kawai yake bari, ba a caji da ita, ba a cajinta, ba a kuma sa ta a ma'ajiyar sama.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Sin su riƙe wannan da kyau: tun ƙarshen Yunin 2025, jiragen cikin gida na ƙasar ba sa ɗaukar fawa bankin da ba ta da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta Sin, a jikinta. Wanda zai sauka Guangzhou ya sake hawa wani jirgin zuwa Yiwu ko Shanghai, ya duba tasa tun daga gida.

Me zan yi a wurin bincike?

A yawancin filayen jirgi za a ce ka fito da kwamfutar daga jaka ka sa ta ita kaɗai a tire. Wasu filayen sun sa sababbin na'urori da ba sa buƙatar haka, sai ka saurari abin da jami'in wurin ya faɗa. Na'urar haska kaya ba ta ɓata kwamfuta, ba ta goge komai a ciki.

Abin da nake yi shi ne, takalmi da bel da jaka su fara tafiya, kwamfuta ita ce ta ƙarshe, kuma ba na tura tirenta sai na ga layin mutane ya buɗe zan wuce. In ka tura ta da wuri aka tsayar da kai ana lalube, za ta fito can ɗaya gefen ta zauna ita kaɗai, ga kuma baƙaƙen kwamfutoci iri ɗaya birjik. Ba sata kaɗai ba, har musanya ake yi cikin gaggawa. Liƙa wata alama mai launi a murfinta, da takarda mai sunanka da imel a ƙasanta.

Ka tabbata akwai caji a ciki. Ana iya cewa ka kunna ta a gani, kuma dokar Birtaniya ƙarara ta ce na'urar da ta ƙi kunnuwa ba za ta shiga jirgi ba. Wannan sa idon yana da dalili. A Fabrairun 2016 an tayar da bam da aka ɓoye cikin kwamfuta a jirgin Daallo da ya tashi daga Mogadishu, ya huda jikin jirgin. A Maris na 2017 kuma Amurka ta hana shiga da kwamfuta cikin fasinjoji a jiragen da ke zuwa mata daga filaye 10, ciki har da Alƙahira, Jidda, Dubai, Doha, Santanbul da Kasablanka, hanyoyin da mutanenmu suka fi bi. An janye hanin a Yulin shekarar, amma ya nuna doka na iya sauyawa cikin dare ɗaya, don haka ka leƙa shafin kamfanin jirginka kwana biyu kafin tashi.

Wani ɗan'uwa ya ba ni kwamfuta in kai wa ɗansa da ke karatu a can. In karɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi, domin na san yadda muke da saƙo. Da an ji za ka yi tafiya, wannan ya kawo kilishi, wancan yaji, wani ya kawo kwali a naɗe ya ce "ba komai ba ne, kwamfutar yaro ce." Kunya ba ta barin mutum ya ce a buɗe. To a filin jirgi ba a san kunya ba. Duk abin da aka samu a jakarka naka ne a idon hukuma, ko hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ce a nan gida ko jami'an can. Cikin kwamfuta akwai sarari, wurin batir da wurin faifai duk ana iya cusa abu a mayar da murfi, kuma a Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa.

In wanda ka sani ne ƙwarai, ka ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, sai an buɗe a gabana, haka dokar tafiya take." A kunna ta ka ga tana aiki, ya ba ka kalmar sirrin, in da hali mai gyara ya kwance bayanta ka gani da idonka. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda kuwa ya tare ka a harabar filin jirgi, ba ka san shi ba, yana roƙo da Allah da Annabi ka kai masa saƙo, ka ba shi haƙuri ka wuce.

Cajata za ta yi aiki a can, ko sai na sayi taransifoma?

Juya cajar ka karanta ƙananan rubutun. In ka ga 100–240V da 50/60Hz, kuma kusan duk cajar kwamfuta haka take, za ta yi aiki a ko'ina: a Najeriya mai bolt 230, a Amurka mai 120, har Japan mai 100. Abin da ke bambanta shi ne bakin soket.

Soket mai ƙafa uku masu kusurwa da muka saba da shi a Najeriya da Gana na Ingila ne, kuma shi za ka tarar a Birtaniya, Saudiyya, Dubai, Ƙatar da Maleshiya. Ɗan Kano mai zuwa Umara ba ya buƙatar komai. Amma ɗan Maraɗi ko Damagaram, ko mutumin Kamaru da Chadi, da suka saba da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa, su ne za su nemi adafta a Makka. In aka juya kuma, a Masar, Turkiyya, Maroko, Jamus da Faransa, ɗan Nijar ya huta, ɗan Najeriya ne zai nema. Amurka da Kanada masu ƙafa biyu falle-falle ne. Indiya ta fi amfani da mai ƙafa uku zagayayyu. A Sin za ka haɗu da iri biyu ko uku a bango ɗaya.

Sayi adafta mai kyau guda ɗaya tun daga gida, ka haɗa da ƙaramar ekstenshin, sai ka jona kwamfuta da waya da komai a soket ɗaya. Ta filin jirgi tsada gare ta. Ka kuma sani adafta baki kawai take sauyawa, ba ta rage ƙarfin wuta. Dutsen guga ko injin aski da aka sayo a Amurka mai bolt 120, in ka jona shi a gida ko da adafta, hayaƙi zai yi.

Me ya kamata in yi wa abin da ke cikinta kafin in tashi?

A nan nake so a fi daɗewa. Kwamfuta in ta ɓata, da kuɗi ana sayen wata. Kundin digirin da aka shekara biyu ana rubutawa, da lissafin abokan ciniki, da hotunan iyayen da suka rasu, babu kasuwar da ake sayar da su. Na ga ɗalibin da ya zauna a shagona ya haɗa kai da gwiwa, faifan kwamfutarsa ya mutu saura wata ɗaya ya miƙa aikinsa, kuma bai taɓa kwafe shi a ko'ina ba. Mun yi iya ƙoƙarinmu, babi biyu kawai muka iya cetowa.

Ka yi kwafi biyu. Ɗaya a rumbun ajiya na waje ka bar shi a gida wurin wanda ka amince da shi. Ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet: Google Drive na ba da GB 15 kyauta, OneDrive na ba da 5, sun isa ga takardu. In za ka tafi da filash ko rumbu, kada ya zauna jaka ɗaya da kwamfutar, domin ɓarawo da jakar gaba ɗaya yake tafiya. Bayan ka kwafa, buɗe fayil biyu-uku daga cikin kwafin ka tabbata suna buɗuwa.

Na biyu, ka kulle faifan. Kalmar sirrin da kake bugawa in ka kunna kwamfuta ba ta hana komai in aka zare faifan aka jona a wata na'ura, ni kaina minti goma ya ishe ni. Abin da ke hanawa shi ne BitLocker a Windows, ko FileVault a Mac, waɗanda ke hargitsa bayanan yadda ba mai karantawa sai da mabuɗi. BitLocker zai ba ka mabuɗin gaggawa mai lamba 48. Rubuta shi a takarda ka adana nesa da kwamfutar, domin in ya ɓace kuma ta nema, ba mai gyaran da zai iya buɗe maka.

Na uku, rage kaya. Hoton katin banki, takardun wurin aiki da tafiyar ba ta shafa ba, hotunan iyali na cikin gida, duk a kwashe su a bar su a gida.

Jami'an shige-da-fice suna da ikon buɗe kwamfutata?

A ƙasashe da dama, suna da shi. Jami'an iyakar Amurka na iya duba waya da kwamfuta ba tare da takardar kotu ba. Ƙalilan ne ƙwarai cikin matafiya abin ke faɗawa a kansu, amma in ya faɗo, mai biza da ya ƙi buɗewa ana iya hana shi shiga a mayar da shi. A Niyuzilan, tun 2018, ƙin ba da kalmar sirri na iya jawo tarar da ta kai dalar ƙasar 5,000. Birtaniya da Kanada ma suna da nasu dokokin.

Shawarata, kada ka yi gardama, kada ka yi ƙarya, kada kuma ka tsaya goge abu a gabansu. In sun riƙe na'urar, ka nemi takardar shaida mai sunan jami'in da lambar da za ka bibiya. Tun daga gida ka duba abin da ke ciki da idon baƙo. Bidiyoyin tashin hankali da ake turowa a zaurukan WhatsApp suna sauka da kansu, kai ba ka ma kalla ba, amma bayyana wa jami'in da ba ya jin Hausa dalilin zamansu a na'urarka aiki ne babba. Hotunan batsa kuma laifi ne a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. In kwamfutar ta wurin aiki ce, sanar da su kafin ka fita da ita.

Na isa, imel ɗina ya ƙi buɗuwa, wai an tura lamba zuwa layina na gida. Yaya zan yi?

Wannan ya fi sata yawan faruwa. Google ko banki ko Facebook sun ga an shiga daga wata ƙasa, sai su tura lambar tantancewa zuwa layinka na MTN ko Airtel, layin kuwa yana cikin durowa a Zariya. Tikitinka da takardar makaranta duk suna cikin imel ɗin.

Maganin tun a gida ake yinsa. Ka tafi da layinka, ka tabbatar da kamfanin cewa zai kama sabis a ƙasar da za ka, ka sa masa ɗan kuɗi, amma ka kashe datarsa don kada ta cinye. Ka sauke manhajar tantancewa irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, wadda ke fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 ko babu sabis. Google kuma na ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya, ka buga su a takarda ka sa cikin jakar fasfo. In lambobin manhajar suka riƙa ƙin shiga, duba agogon wayar, yawanci shi ne bai daidaita da lokacin ƙasar ba.

Masu daɗewa, kamar ɗalibai, su riƙa ɗan amfani da layin lokaci-lokaci. Layin da aka yi watanni ba a taɓa ba kamfani na karɓewa ya sayar wa wani, ga shi kuma da shi aka buɗe asusun banki.

Wi-Fi na otal da na filin jirgi, akwai haɗari?

Akwai, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba, domin yawancin shafuka yanzu a kulle suke aika bayanai. Babban haɗarin shi ne na bogi: wani ya buɗe Wi-Fi da suna mai kama da na otal ɗin, ka shiga, ya nuna maka shafi yana neman kalmar sirrin imel ɗinka. Tambayi ma'aikacin wurin ainihin sunan nasu. Wi-Fi na gaskiya zai iya neman lambar ɗaki ko lambar waya, ba ruwansa da kalmar sirrin imel. In ya ce sai ka sauke wata manhaja tukuna, fita.

Harkar banki kuwa, na fi so mutum ya sayi layin ƙasar ya jona kwamfutar da datar wayarsa. In za ka yi haka, shiga saitin Wi-Fi na Windows ka kunna Metered connection, in ba haka ba kwamfutar za ta hau sabunta kanta ta lashe datar mako guda a dare ɗaya. Kwamfutar haya ta otal ko shagon intanet, a buga takarda kawai da ita, kada a shiga asusu.

An ce a Sin ba a samun Gmail da WhatsApp. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Google da duk 'ya'yansa, da WhatsApp, Facebook, YouTube da Instagram a toshe suke a intanet ɗin ƙasar. Duk takardar da za ka buƙata, adireshin otal da rubutun Sinanci, hotunan samfurin kaya, lambobin dillalai, sauke su a kan kwamfutar kafin ka tashi. Buɗe manhajar WeChat tun a gida, da ita ake komai a can. Layin wata ƙasa, irin naka na gida, in ya kama sabis a can, yawanci yana buɗe waɗannan shafukan, sai dai datarsa da tsada.

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp na tafiya, kiran murya da na bidiyo ne ba sa yi, mutane na amfani da manhajojin da hukuma ta amince da su irin Botim. Game da VPN, manhajar da ake zagaye toshewar intanet da ita, kowace ƙasa da dokarta. Sin ta amince da masu lasisi ne kawai, Daular Larabawa kuma tana da tara mai nauyin gaske ga wanda ya yi amfani da shi wajen aikata abin da doka ta hana. Baƙo ya bi a hankali.

Zan iya tafiya da guda biyu? Kwastan za su caje ni?

Guda ɗaya da aka yi amfani da ita, ba mai tanka maka kusan ko'ina. Indiya, inda mutanenmu ke yawan zuwa asibiti da karatu, a fili ta rubuta cewa kwamfuta ɗaya ce ba haraji ga wanda ya kai shekara 18. Biyu, ta aiki da ta kanka, yawanci bayani ya isa. Uku ko huɗu sababbi a kwali kuwa sun zama haja, a can da kuma nan in ka dawo, sai ka bi layin masu bayyana kaya ka biya abin da ya kamata. Riƙe rasit ko hotonsa a waya. Ka tuna kuma jakar hannu kilo 7 ko 8 ce a yawancin jirage, kwamfuta biyu da cajojinsu sun kusa cinye rabi.

Sanyi ko zafi na yi mata illa?

Dukansu. Apple ya rubuta cewa kwamfutocinsa na aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 35, sauran kamfanoni ma kusan haka. Mota a rufe da rana a Makka ko Dubai ta zarce wannan nesa ba kusa ba, kada a bar ta a ciki. A ƙasashen sanyi kuma, in ka shigo ɗaki mai ɗumi daga waje, raɓa na taruwa a cikinta kamar yadda take taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi. Bar ta a jaka kamar awa ɗaya kafin ka kunna.

Kafin ka sa ta a jaka, kashe ta gaba ɗaya, rufe murfi kawai bai isa ba. Na taɓa sauka bayan tafiyar awa shida na zuge jaka na ji ta da zafi kamar burodin da aka fito da shi daga tanda, fanka na ta kuka, batir ya ƙare tas. Ta farka ne da kanta a hanya, babu iskar da za ta sha. Tun ranar ba na yarda da barcin kwamfuta in zan yi tafiya.

A cikin jirgi zan iya aiki da ita?

Za ka iya, ban da lokacin tashi da sauka. Ka lura da na gabanka: in ya kwantar da kujerarsa kwatsam, tana iya danne saman gilashin ta fasa shi, don haka ka ɗan jawo ta gabanka. In an kawo abinci, rufe ta ka ajiye. Na kusa da kai kuma yana ganin duk abin da ke fuskarta.

A masauki, ina zan ajiye ta?

In akwai akwatin ƙarfe mai lamba a ɗakin kuma ta shiga, sa ta ciki. In babu, cikin akwatinka a kulle, a kashe. A masaukin alhazai ko ɗakin ɗalibai inda mutum huɗu ko shida ke kwana, ƙofa ba ta rufuwa, baƙi na shige da fice, kada a bar ta a kan gado a tafi masallaci. Mai zuwa aikin Hajji ma, in ba aiki ne ya tilasta ba, ni dai ina ganin ya bar ta a gida, waya ta ishe shi, ga zirga-zirgar Mina da Arfa. A tashar jirgin ƙasa ko gidan abinci, rataya igiyar jakar a ƙafarka. Jakar goyo da ba ta nuna abin da ke ciki ta fi mai tambarin kamfanin kwamfuta.

Ba gara in saya a can ba, tunda an ce ta fi araha?

Wani lokaci haka ne, amma duba abu uku. Madannai: na Faransa da Beljiyam jerin AZERTY ne, wanda 'yan Nijar suka saba da shi, ɗan Najeriya kuwa zai sha wahala, na Jamus sun musanya Y da Z, na ƙasashen Larabawa suna da haruffan Larabci, abin da wasu ma ke so. Garanti: tambaya ko yana aiki a ƙasarka, domin da yawa a ƙasar da aka saya kaɗai suke aiki. Sai farashi: a Amurka kuɗin da ke jikin kaya bai haɗa da harajin jiha ba, sai a wurin biya za ka gani. A Dubai baƙo na iya karɓo akasarin harajin saye na kashi 5 cikin ɗari a filin jirgi in ya saya a shagon da ke cikin tsarin mayar da harajin, Birtaniya kuwa ta soke irin wannan tun farkon 2021. Wadda aka saya a kasuwar cikin gida ta Sin takan zo da Windows na Sinanci zalla.

In ƙaddara ta faɗa aka sace, me zan fara yi?

Tun kafin tafiya ka ɗauki hoton lambar da ke ƙasan kwamfutar, ka kunna Find My Device a Windows ko Find My a Mac, masu nuna inda kwamfutar take a taswira. In abin ya faru, da wayarka ka fara: canza kalmar sirrin imel tukuna, domin ta nan ake sake saita sauran, sannan na banki da shafukan sada zumunta, ka kuma fitar da kwamfutar daga jerin na'urorin da ke cikin asusunka. In ta ofis ce, kira su a lokacin, ko tsakar dare ne. Daga nan ka je wurin 'yan sanda ka karɓi rahoto a rubuce mai ɗauke da lambar kwamfutar, shi inshora da makaranta da wurin aiki za su nema. In taswira ta nuna maka inda take, ka nuna wa 'yan sanda, kada ka bi ta da ƙafarka a garin da ba ka sani ba. In kuma a wurin bincike ko cikin jirgi ka manta ta, je ofishin kayan da suka ɓata na filin jirgin kafin ka fita, ka ba su lambar jirgi da ta kujera da kwatancen alamar da ka liƙa a murfinta.